Yadda Ake Yada Zango da Tanti a Dajin Tafkuna da Koguna

Zangon da nake nufi a nan shi ne wanda ba lantarki, ba wurin wanka, ba mai sayar da ko ashana. Daga kai sai tantinka, sai itatuwa, sai ruwan da ke gabanka. Ruwan nan shi ke jan mutane zuwa irin wannan daji, kuma yawancin abin da ke ɓata wa mutum tafiya daga gare shi yake fitowa: raɓa, sauro, ambaliya, ciwon ciki, sanyin dare. Saboda haka kusan duk shawarar da za ka yanke, daga inda za ka kwana zuwa inda za ka kewaya, da ruwan za ka auna ta.

Fara da zaɓen irin zangon da za ka iya

Mafi sauƙi shi ne zangon da hukumar gandun daji ta tanada, wanda mota ke kaiwa har wurin. Yawanci za ka tarar da fili sharare, da da'irar ƙarfe ko ta duwatsu don hura wuta, da masai, wani lokaci har da famfon tuƙa-tuƙa. Wanda bai taɓa kwana a daji ba, ko wanda zai je da yara, nan ya kamata ya fara. In dare ya yi masa tsawo, motarsa na kusa.

Sai wanda ake ajiye mota a ɗauki kaya a baya a yi tafiyar ƙafa, daga 'yan mintuna zuwa yini guda. Akwai kuma wanda sai da kwale-kwale ake isa, a tsibiri ko a wata gaɓar da hanya ba ta kai ba. Wannan ya fi kowanne shiru, amma iska ce ke da iko da ranar dawowarka, domin tafki mai faɗi idan ya tashi ba a tsallaka shi. Na ƙarshe shi ne ka shiga daji ka nemo wurinka da kanka, inda doka ta yarda. Nan babu masai, babu alama, babu wanda ya duba maka wurin. Ban ba wa sabon shiga shawarar ya fara da shi ba.

Dokar kowane wuri daban take, kuma sai ka tambaya. A Norwe, alal misali, mutum na iya kafa tanti a ƙasar da ba a nomawa, muddin ya yi nisan mita 150 da gidan da mutane ke zaune a ciki, kuma kada ya wuce kwana 2 sai da yardar mai ƙasa. A dazukan gwamnati da yawa na Amurka iyakar zama a wuri ɗaya kwana 14 ne. Wasu wuraren kuwa ko kwana ɗaya ba a yi sai da takarda. Ka kira ofishin da ke kula da dajin ka yi musu tambayoyin nan: ana bukatar izini? An hana hura wuta a wannan lokacin? Akwai madatsar ruwa a saman kogin? Wace dabba ake kiyayewa a yankin? Hanyar shiga tana biyuwa bayan ruwan sama? Tambayar madatsar nan kada ka manta da ita, zan dawo kanta.

Kafin ka bar gida, rubuta wa wani inda za ka, hanyar da za ka bi, da ranar da za ka dawo, da kuma lokacin da idan bai ji daga gare ka ba zai sanar da hukuma. A cikin kurmi waya takan zama tocila kawai. Sauke taswira a wayar tun kana gida, ka kuma riƙe ta takarda a cikin leda.

Kayan da ba a wasa da su

Tanti mai rufi biyu ake nema: ɗakin ciki mai raga da ke shan iska, da rufin waje mai tare ruwa, da 'yar tazara tsakaninsu. A jikin takardar tanti za ka ga an rubuta ƙarfin tare ruwansa da milimita. Rufin da ya kai 1,500 zuwa sama ya isa ruwan sama na yau da kullum, ƙasan kuma ya fi kyau ya kai 3,000, domin gwiwa da gwiwar hannu suna matse ruwa ya ratso yadi. Idan an ce tantin mutum 2 ne, to mutum 2 ne kafaɗa da kafaɗa ba kaya. Ku biyu, ku nemi na mutum 3.

Ka kafa shi sau ɗaya a gida, ka ƙirga turakunsa, ka watsa masa ruwa ka duba ɗinkin. Daji da magariba ba wurin koyon haɗa sanduna ba ne.

Abin da mutane suka fi rainawa shi ne shimfiɗa. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki fiye da yadda iska ke yi, kuma jakar barci komai kaurinta, ɓangaren da ka danne da jikinka ba ya riƙe ɗumi. Sai ka sa katifar soso ko ta hurawa a ƙarƙashinka. Jakar barcin kuma ka zaɓi wadda aka yi don sanyin da ya fi wanda aka yi hasashe da kamar digiri 5, saboda bakin ruwa ya fi cikin gari sanyi da asuba.

Tufafin auduga suna shan ruwa su ƙi bushewa, suna kuma sanyaya jiki. Ulu da yadin roba sun fi. Ware riga da wando da safa na barci kaɗai, ka ƙulle su a leda, kada ka taɓa su da rana ko me ya faru. Sauran kayan sanannu ne: tocilar goshi da batir, ashana da leta a wurare biyu daban, wuƙa, igiya mai tsawon mita 15, tamfol, ɗan ƙaramin shebur, usur, matsefata, akwatin magani, da ledojin shara. Mai tafiyar ƙafa ya yi ƙoƙari kada kayansa su wuce kashi 20 cikin 100 na nauyin jikinsa.

Zaɓen inda tanti zai zauna

Nan ne aikin yake. Ka isa saura aƙalla awa 2 rana ta faɗi, domin a cikin itatuwa duhu yana riga lokacinsa shigowa. Ajiye kaya, kada ka kwance komai, ka zaga tukuna.

Ɗaga kai ka fara duba sama. Busasshiyar bishiya a tsaye, reshen da ya karye ya maƙale a kan wani, bishiyar da ta karkata saiwarta ta fara ɗaga ƙasa: duk inda ɗaya daga cikin waɗannan zai faɗo, ba wurin kwana ba ne. A bakin kogi ka ƙara lura, domin ruwa yana cin ƙasar da ke ƙarƙashin saiwa, sai ka ga bishiya kore shar amma ba abin da ke riƙe da ita.

Sannan ka duba ƙasa, ka karanta abin da ruwa ya rubuta. Tsaya a bakin kogin ka kalli ƙananan itatuwan gaɓa. Idan ka ga busasshiyar ciyawa da ganyaye da tsummoki sun maƙale a rassansu, duk sun kwanta suna fuskantar gefe guda, to ruwa ya taɓa kaiwa nan. Wani lokaci za ka gan su daidai ƙirjinka, alhali kogin yana can ƙasa yana tafiya a hankali kamar bai san komai ba. Haka nan layin laka a jikin kututture, da tarin itacen da ruwa ya kawo ya jibge a wuri ɗaya. Tantinka ya zauna sama da wannan layin. Rairayin tsakiyar kogi da na bakin gaɓa yana da daɗin kwanciya, lallausa ne, ba tsakuwa ba saiwa, kuma shi ya fi kowane wuri haɗari. Ruwan da aka yi a tsaunuka masu nisa, inda ko gajimarensa ba ka gani ba, yana iya iso maka da tsakar dare. Idan kuma akwai madatsa a sama, ana iya sakin ruwa a kowane lokaci, kogin ya cika cikin ɗan lokaci sararin sama na nan garau.

Ƙa'idar da aka fi bi ita ce tanti ya yi nisan mita 60 da bakin ruwa, wato kamar taku 70 na babban mutum, sai dai in hukuma ce ta gina wurin kusa da haka. Dalilan suna da yawa. Dabbobi suna zuwa shan ruwa da dare, kuma ba ka so ka kwanta a kan hanyarsu; idan ka ga wata 'yar siririyar turba da sawu ta gangara zuwa ruwa, kauce mata. A yankunan da ake da kada ko dorina, mita 60 ma kaɗan ce, ka nemi tudu sosai. Sannan iska mai sanyi ta fi mai ɗumi nauyi, da dare tana gangarowa ta taru a kwari da saman ruwa, ta zo da hazo da raɓa. Hawan 'yan mitoci kaɗan kan tudu yana iya raba ka da jiƙaƙƙen tanti. Sauro ma ya fi son inda ruwa ya kwanta kuma iska ba ta kaɗawa, saboda haka ɗan tudun da ke samun iska ya fi lungun da ya lafe a bayan ciyayi.

Kada kuma ka zarce ka hau ƙololuwar tudu ko ka raɓa da bishiyar da ta fi kowace tsawo, saboda tsawa. Tsaka-tsaki ake nema: wuri mai ɗan tudu, cikin itatuwa masu matsakaicin tsawo da lafiya. Idan ka samu, kwanta a ƙasan kafin ka shimfiɗa komai. Bayanka zai gaya maka gangaren da idonka bai gani ba. In da ɗan gangare, kai ya kasance a sama. Wurin da ya lotsa kamar kwano kuwa, komai kyansa, da an yi ruwa zai zama kududdufi.

In akwai inda wasu suka taɓa sauka har ƙasar ta daddale, yi amfani da shi maimakon ka tattake sabon wuri.

Kafawa

Tsince duwatsu da ƙirare da hannu. Shimfiɗa tamfol ko ledar ƙasa, ka tabbata ba ta leƙo waje da tantin ba ko da ɗan yatsa. Duk abin da ya leƙo zai tari ruwan rufi ya tura shi ƙarƙashinka. Ninke rarar ciki. Juya bayan tantin, wato ɓangarensa mafi ƙanƙanta, zuwa inda iska ke fitowa, ƙofa ta kalli ɗaya gefen. Idan ana iska, fara kafa turakun wancan ɓangaren kafin ka sa sanduna, in ba haka ba za ka bi tantinka da gudu zuwa tafki.

Turke yana shiga ƙasa a ɗan karkace, kansa na kallon nesa da tanti. A rairayi ko ƙasa mai laushi turke ba ya kamawa, sai ka ɗaura igiyar a tsakiyar wani guntun itace, ka binne shi a kwance, ka taka. A kan dutse kuma ka ɗaura a ƙaramin dutse ka danne igiyar da babba. Ja rufin waje ya yi tsam har ya rabu da ɗakin ciki, ka ɗaure duk igiyoyin gefe ko da sama na garau. Yadin nailan yana saki idan ya sha danshi, don haka ka sake jan igiyoyin kafin ka kwanta.

Bar kafofin iska a buɗe. Mutane da yawa suna tashi da safe su ga rufi na ɗiga su ce tantin na yoyo, alhali numfashinsu ne ya taru a jikin yadi mai sanyi. Rufe ko'ina ƙara shi yake yi. Jiƙaƙƙun kaya da takalma su kwana a barandar tanti, ka kife takalman ko ka toshe bakinsu, da safe kuma ka kakkaɓe kafin ka zura ƙafa.

Ruwan sha

Babban mutum yana bukatar kamar lita 3 zuwa 4 a yini don sha da girki, fiye da haka in ana zafi ko ana tafiya. Ruwan rafi na iya zama garai-garai har kana ganin tsakuwar ƙasansa, amma ƙwayoyin da ke sa zawo ba a ganinsu da ido. Kada ka sha ɗanye. Ɗebo daga inda yake gudu, ko a tafki ka ɗan miƙa nesa da gaɓa. In ya gurɓace, bar shi ya kwanta, ka tace da tsumma mai tsabta.

Tafasawa ta fi kowace hanya tabbas: ya tafasa sosai na minti 1, ko minti 3 idan kana wurin da ya haura mita 2,000 a tsawo. Matatar ruwa ta 'yan tafiya, mai ƙofofin da ba su wuce maikuron 0.2 ba (maikuron 1,000 ne milimita 1), tana tare bakteriya da ƙananan halittun da ke sa gudawa, amma yawancinsu ba sa tare bairos. Ƙwayar magani ta kulorin dayokzayid tana aiki, sai dai wasu ƙwayoyin cutar masu taurin kai sai ta yi awa 4 kafin ta kashe su, saboda haka jefa ta da dare ka sha da safe.

Akwai abin da tafasawa ba ta magani. Idan ka ga saman tafki ya yi kore kamar an zuba fenti, ko kumfa mai kauri ta taru a gaɓa, wannan gansakuka ce mai iya ɗaukar guba, kuma wuta ba ta kashe gubar. Kada ka sha, kada ka yi wanka, kada ka bar kare ya lasa. A ƙasashe masu zafi kuma, shiga ruwan da ya kwanta na iya jawo tsargiya, wadda ke ratsa fata. Tambayi mutanen yankin kafin ka yi iyo.

Wuta, abinci, da baƙin dare

Ɗan risho na gas ya fi wutar itace sauri da tsabta, kuma yana aiki ko daji ya jiƙe. Amma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kada ka kunna shi a cikin tanti, haka ma garwashi. Hayaƙin kabon monokzayid ba shi da wari ba shi da launi, mutum yana jin barci ne kawai ya wuce. Ɗaura tamfol tsakanin bishiyoyi biyu ka yi girki a ƙarƙashinsa.

Idan an yarda da wuta, hura ta a murhun da ka tarar, nesa da tanti da aƙalla mita 5, ta ɓangaren da iska ba za ta kai masa tartsatsi ba. Tsinci itacen da ya faɗi, wanda bai fi kaurin hannunka ba. Kada ka zo da itace daga wani yanki, domin ta haka ƙwari masu kashe bishiyoyi ke yaɗuwa, kuma wurare da yawa sun hana. Duwatsun cikin kogi ba a kewaye wuta da su, ruwan da ke cikinsu kan sa su fashe. Wajen kashewa, zuba ruwa, juya tokar da sanda, ƙara ruwa, har sai ka kai bayan hannunka kusa ba ka ji ɗumi ba. Rufewa da ƙasa ba kashewa ba ne. Garwashi na iya kwana a raye a ƙarƙashi, ya bi saiwa.

Abinci ba ya kwana a tanti. Ba abinci kaɗai ba, har man goge baki, sabulu, shara, da tukunyar da ba a wanke ba. Ɓeraye ma sun isa su huda maka tanti da jaka a dare ɗaya. Sa komai a mota in tana kusa kuma dokar wurin ta yarda, ko a rufaffen akwati mai ƙarfi, ko ka rataye a reshe, kamar mita 4 daga ƙasa da mita 2 daga jikin bishiyar. A yankin da ake da beyar, wato ƙatuwar dabbar daji mai bin warin abinci, wurin girki da wurin ajiyar abinci su yi nisan mita 60 zuwa 100 da inda kake kwana. Nemo reshen tun da rana, don jefa igiya a duhu wahala ce.

Wanke-wanke ba a cikin tafki ake yi ba, ko da sabulun an ce ba ya cutarwa. Ɗebo ruwa ka yi nisa, ka tsame ɓurɓushin abinci ka sa a shara, ka watsa ruwan a faɗi.

Bayan gida

In ba masai, yi taku 70 daga ruwa, daga tanti, daga hanya. Haƙa rami mai zurfin santimita 15 zuwa 20, inda ƙasa take baƙa mai rai, don nan ne abin ke saurin ruɓewa. Gama, mayar da ƙasa, rufe da ganye. Takardar da ka yi amfani da ita ta shiga leda ta bi ka gida. A ƙaramin tsibiri da wasu gaɓoɓin da mutane ke yawan zuwa, doka kan ce a fita da komai a jaka ta musamman. Wanke hannu da sabulu kafin ka taɓa abinci. Ciwon cikin da ake ɗora wa ruwa, sau da yawa daga hannu ne.

Sauro da kaska

Doguwar riga da wando da yamma, man sauro mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30, da rufe zif ɗin raga duk shiga duk fita. Kunna tocila a cikin tanti ƙofa na buɗe gayyata ce. Kaska kuwa tana jira a kan dogayen ciyayi, don haka cusa ƙafar wando a cikin safa, ka kuma duba jikinka kowane dare: hammata, bayan gwiwa, ƙugu, matsematsi, bayan kunne, cikin gashi. In ka same ta, kama ta da matsefata dab da fata ka ja a miƙe a hankali. Ba a ƙona ta, ba a shafa mata mai. Idan zazzaɓi ko jan tabo mai faɗaɗa ya biyo baya cikin makonni, je asibiti ka faɗa musu kaska ta cije ka.

Idan hadari ya taso, ko ruwa ya tare hanya

Da ka ga walƙiya fara ƙirga daƙiƙa har ka ji tsawa. Kowace daƙiƙa 3 kamar kilomita 1 ce. In bai kai 30 ba, fita daga ruwa, bar gaɓa. Tanti ba ya kare mutum daga tsawa ko kaɗan. Mota mai rufin ƙarfe tana karewa. In babu, nemi wuri mai ɗan kwari cikin gajerun itatuwa, ku ɗan warwatsu, ku jira minti 30 bayan tsawar ƙarshe.

A kwale-kwale rigar ceto a jiki take zama a ɗaure, ko ka iya iyo. Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki 25 na yadda iska ke yi, kuma ruwan sanyi yana kashe hannu da ƙafa kafin mutum ya gaji. Tsallaka tafki da sassafe, lokacin da iska ba ta tashi ba, ka kuma bi gaɓa in da hali. Wanda ya jiƙe yana karkarwa, magana ta fara sarƙe masa, a cire masa jiƙaƙƙun kaya nan take, a sa masa busassu, a kwantar da shi kan shimfiɗa cikin jakar barci, a ba shi abin sha mai ɗumi in yana cikin hayyacinsa.

Tsallaka rafi da ƙafa kuwa, nemi inda ya yi faɗi ya baje, kwance maɗaurin ƙugu na jakarka don ka iya yar da ita, bar takalmi a ƙafa, fuskanci inda ruwan ke fitowa, dogara da sanda, ka riƙa matsawa gefe-gefe. Ruwa mai gudu da ya wuce gwiwa, a bar shi ya sauka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Idan ka ɓata, tsaya wuri ɗaya ka busa usur sau 3, ka huta, ka maimaita.

Ranar tashi

Buɗe ƙofofi, cire rufin waje ka shanya a igiya yayin da kake harhaɗa sauran kaya. Ƙirga turaku. Kwance duk igiyar da ka ɗaura a bishiya, mayar da duwatsun da ka kawar, sannan ka zaga wurin sau ɗaya kana kallon ƙasa, domin ƙananan abubuwa irin su murfin kwalba, guntun leda da zaren kamun kifi su ake mantawa, kuma zaren nan yana sarƙe tsuntsayen ruwa. Kwale-kwale da takalman shiga ruwa a wanke su a bar su su bushe kafin a kai su wani tafkin, don kada a kwashi ciyayi da ƙananan halittun wannan a zuba wa wancan.

Idan dole ta sa ka naɗe tanti a jiƙe, sa shi a leda daban, kuma da isarka gida ka baje shi a inuwa mai iska har ya bushe ƙayau, ciki da waje da ɗinki. Kwana biyu a naɗe da danshi sun isa ya fara fumfuna, kuma fumfuna na cinye shafen da ke tare ruwan. Sai ka sanar da wanda ka bar wa takarda cewa ka dawo.